Gahawar Habasha: inda ɗanɗano yake samuwa da inda yake salwanta

Wanda ya ɗauki ƙunshin gahawa a kanti ya ga an rubuta Yirgacefe ko Guji ko Sidama, yakan ɗauka sunan ya gama yi masa bayani. Sunan kuwa adireshi ne kawai. A gunduma ɗaya, a shekara ɗaya, daga gangaren tudu ɗaya, akan samu gahawar da ƙwararrun masu ɗanɗano za su ba maki 88 cikin 100, a kuma samu wadda ba za ta kai 78 ba. Ƙasa da iska da irin bishiya su ne ke yanke iyakar abin da gahawa za ta iya kaiwa. Ko za ta kai wannan iyaka, ko za ta faɗi ƙasa da ita, ana yanke shi ne a 'yan makonnin da ke tsakanin tsinkar 'ya'yan da ɗinke buhu.

Da farko sai a san abin da masu harkar ke nufi da gahawa ta musamman, domin kalmar tana da ma'auni. Akan ɗebi samfurin giram 350 na ɗanyar ƙwaya a baza a kan tebur a tsince. Ba a yarda a ga ko ɗaya daga cikin manyan aibobi ba, irin su baƙar ƙwaya, ko wadda ta ruɓe ta yi tsami, ko mai fumfuna, ko dutse. Ƙananan aibobi kamar fasasshiyar ƙwaya ba za su wuce biyar ba a lissafin ma'aunin. Daga nan a gasa samfurin sama-sama, a niƙa, a zuba giram 8.25 a kowane kofi mai ɗaukar ruwa mililita 150, a kwarara ruwan da zafinsa ya kai kimanin digiri 93, a bari minti 4. Kofi biyar ake jerawa daga samfuri ɗaya, kuma dalilin biyar ɗin shi ne ƙwaya guda mara kyau takan ɓuya a kofi ɗaya ta bar sauran lafiya. Abin da ya samu maki 80 zuwa sama cikin 100 shi ake kira na musamman. Habasha kuma tana da nata tsarin daraja, daga ta 1 zuwa ta 5, inda kashi 40 na makin yake fitowa daga duban ƙwaya, kashi 60 daga abin da harshe ya ji.

Habasha ce asalin nau'in gahawar da ake kira arabika, har yau tana fitowa da kanta a dazukan kudu maso yamma, wajen Kaffa da Benci Maji da Illubabor. Ita ce kan gaba wajen noman gahawa a Afirka, kuma kusan rabin abin da take nomawa 'yan ƙasar ne ke shanye shi, suna kiransa buna. Fiye da kashi 90 cikin 100 na amfanin yana fitowa daga hannun ƙananan manoma, da yawansu gonarsu ba ta cika hekta guda ba.

Yankunan da suka yi suna duk tsaunuka ne. Yirgacefe tana cikin ƙasar Gedeo, tsakanin mita 1,700 da 2,200 sama da teku, tare da maƙwabtanta Kocere da Gedeb, kuma gahawarta wankakkiya, wato wadda ake ɓarewa a wanke kafin a shanya, ita ce aka sani da ƙamshin fure da tsamin lemo mai sanyi, mara nauyi a baki kamar shayi. Sidama, wadda ta zama jiha mai cin gashin kanta a 2020, ta fi faɗi sosai, kuma gundumominta na sama irin su Bensa da Bona da Arbegona su ne suka fi jan hankalin masu saye a 'yan shekarun nan. Guji tana jihar Oromiya. An daɗe ana sayar da gahawarta a ƙarƙashin sunan Sidamo, tsohon sunan yankin da ya haɗa da Sidama, kafin ta samu nata sunan, kuma a Uraga da Hambela akwai gonakin da suka haura mita 2,200. Amfanin tsayin ba wani sirri ba ne: dare yana da sanyi, 'ya'yan suna nuna a hankali, wata 8 zuwa 9 daga fure, ƙwayar ta cika ta yi tauri, sukari da sinadaran ƙamshi su samu lokacin taruwa.

Harar a gabas daban take. Ƙasar busasshiya ce, ruwan wanki ya yi ƙaranci, saboda haka da ɓawonta ake shanya gahawar, ta fito da kauri da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace. Saudiyya babbar kasuwarta ce tun da daɗewa. Sai dai cat, wani ganye da ake taunawa don ya sa kuzari, yana cinye filayenta, kuma ba za a ga laifin manomin ba: cat ana yankarsa sau da dama a shekara a karɓi kuɗi a ranar, ga shi ya fi jure fari, gahawa kuwa sau ɗaya take biya.

Labarin Jimma, wani yanki a kudu maso yamma, shi ya fi nuna abin da ake magana a kai. Shekaru masu yawa sunan Jimma a kasuwar duniya yana nufin gahawa mai daraja ta 5, wadda aka shanya a ƙasa ba kula, ake saye da araha don a cika buhu. Daga wajen 2010 wasu ƙungiyoyin gama-kai na manoma a Agaro da Gera da ke yankin na Jimma, irin su Duromina da Nano Calla, suka kafa ƙananan tashoshin wanki. Bishiyoyin ba su canza ba, ƙasar ba ta canza ba. Cikin shekaru kaɗan gahawarsu ta shiga sahun waɗanda ake rububi. Tun can ingancin yana jikin bishiyar, a wajen shanya yake mutuwa.

A kudu, yawancin gahawar a bayan gida take, gauraye da enset, wata shuka mai kama da ayaba wadda ita ce abincin mutanen yankin, da manyan itatuwan inuwa a sama. Taki na kanti ba safai ake sa shi ba, ganyen da ya zube da kashin dabbobi ne ke ciyar da ƙasar. Wannan tsarin noma na Gedeo ne UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Ta fuskar iri kuma, manoma suna da nasu sunaye: kurume mai ƙananan ƙwaya, dega, da wolisho mai girman bishiya. Ban da su akwai irin da cibiyar binciken noma ta Jimma ta fitar. A 1971 aka gano cutar da ke baƙanta ɗanyun 'ya'yan gahawa ta zubar da su tun ba su nuna ba, sai masu bincike suka shiga daji neman bishiyoyin da cutar ba ta kamawa. Daga nan aka samu iri masu lamba kamar 74110 da 74112 da 74158, inda 74 ke nufin shekarar 1974 da aka zaɓo uwar bishiyar. Don cuta aka zaɓe su, sai ga shi a kan tsauni sun ba da ɗanɗanon da ake cin gasa da shi. Shi ma irin Gesha da ya yi tashe a Panama tun 2004, daga dajin kudu maso yammacin Habasha aka ɗebo shi a shekarun 1930, ya bi ta Tanzaniya da Kosta Rika kafin ya isa can.

Girbi yakan kama daga Oktoba zuwa Janairu, gwargwadon tsayin wuri. A reshe ɗaya akan samu kore da ruwan ɗorawa da ja, don haka dole a koma wa bishiya sau uku ko huɗu ko fiye, ana tsinkar jajayen kaɗai. A nan asarar farko take shigowa. Ɗanyen ɗa yana ba da bauri a baki, kuma ƙwayarsa ba ta yin duhu a wajen gashi, sai ta fito fari-fari tana ɗanɗanon takarda. Wanda ya zarce nuna ya faɗi ƙasa yana kawo warin ƙasa da ruɓa. Manomi ya san wannan sarai. Abin da ke sa shi zage reshe gaba ɗaya lissafi ne: idan tashar da ke saye kuɗi ɗaya take biya a kan kilo, ja ko kore, to wanda ya tsaya zaɓe ya yi wa kansa asarar yini. A shekarar da tashoshi suka yi yawa a gari ɗaya suna gasar saye, kowa yana tsoron ya mayar da kaya maƙwabcinsa ya karɓe, ingancin yankin gaba ɗaya yakan sauka, ko da damina ta yi kyau.

Daga tsinka zuwa ɓarewa bai kamata a wuce awa 8 zuwa 12 ba. 'Ya'yan da aka cusa a buhun leda aka bari a rana suna ɗaukar zafi, su fara tsima tun a hanya, kuma babu wankin da zai cire wannan warin daga baya. Tasha mai kula takan sa a baza kayan a tsince a gaban ma'auni, sannan a zuba a kwatamin ruwa. Abin da ya taso sama ba shi da cikakkiyar ƙwaya ko ƙwaro ya ci, sai a kwashe shi gefe a sayar a ƙaramar daraja.

Hanya biyu ake bi wajen sarrafa 'ya'yan, kuma ta farko, hanyar wanki, ita ta fi yawan matakai. Injin ɓarewa yana da faifai masu ƙurji da ke murje ɓawon waje, kuma saitinsa abin dubawa ne kullum: in ya matse da yawa ya ciji ƙwaya, wurin cizon ya yi baƙi daga baya, in ya yi sako-sako ɓawo ya bi ƙwaya zuwa kwatami ya ɓata tsimin. Bayan ɓarewa ƙwayar tana cikin wata kwasfa mai kama da takarda, a lulluɓe da yauƙi mai zaƙi. Wannan yauƙin ake so ya saki, shi ya sa ake barinta a cikin ruwa awa 24 zuwa 72, galibi 36 zuwa 48. Agogo ba ya yanke hukunci a nan, domin a tsauni mai sanyi tsimin yana jinkiri, a kwari mai ɗumi yana sauri. Ma'aikaci yakan ɗebo da hannu ya murza: in ya ji santsi, da saura, in ya ji ƙwayoyin suna ƙara kamar tsakuwa, ta yi. Idan aka cire da wuri, ragowar yauƙi zai ci gaba da ruɓa a kan gadon shanya. Idan aka makara, tsamin ya koma na ruɓa, kuma ƙwaya guda da ta maƙale a lungun kwatami ta kwana biyu tana iya ɓata kofi da wari mai tashin zuciya. Saboda haka wanke kwatami tas bayan kowane zubi yana cikin aikin, ba ƙari ba ne.

Daga kwatami sai doguwar magudanar siminti, inda ma'aikata ke tura ƙwayar da katako suna fuskantar ruwa. Mai nauyi tana zama a baya, mara nauyi ta bi ruwa, kuma a nan ake raba daraja ta farko da ta biyu. Wasu tashoshi suna ƙara jiƙa ta cikin ruwa mai tsabta na wasu awoyi kafin shanya. Ruwan da ya fito daga wannan aiki kuwa yana da illa, yana da tsami kuma yana shaƙe kogi har kifi ya mutu. Tashoshin kirki suna tara ɓawon su yi takin gargajiya, ruwan kuma su bi da shi ta fadamar ciyawar jema da aka shuka don ta tace shi.

Shanya ce ke cin lokaci, ita ce kuma aka fi yi wa gaggawa. Ana yin gadaje na katako da raga, tsayin ƙugu, don iska ta shiga ta ƙasa da sama. A ranar farko, tun kwasfar tana jiƙe, ake tsince masu aibi, domin a lokacin ne ake ganin launinsu sosai. Kaurin shimfiɗa kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, ana motsawa akai-akai. Da tsakar rana a rufe, don zafi mai tsanani yana fasa kwasfar ya bar ƙwayar a tsirara. Da dare ma a rufe saboda raɓa. Kwana 10 zuwa 15 ake ɗauka kafin danshi ya sauka zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Sama da 12, fumfuna na nan tafe a cikin buhu. Ƙasa da 10, ƙwayar tana karyewa a injin casa kuma ƙamshinta ba ya daɗewa. Matsalar da aka fi gani ita ce ta tsakiyar girbi, lokacin da kaya suka fi gadaje yawa: sai a tula shimfiɗa ta yi kauri, ko a kwashe wadda ba ta gama bushewa ba don a samu wuri. Gahawar da aka yi wa haka tana iya cin maki 87 a Adis Ababa a watan Fabrairu, ta isa hannun mai saye a watan Yuli ta koma ɗanɗanon buhu da katako. Wanda zai gina tasha, ya fara lissafin gadaje kafin lissafin inji.

Hanya ta biyu, shanya da ɓawo, ita ce ta asali, ba ta buƙatar inji ko ruwa mai yawa, amma ta fi saurin lalacewa. Ɗan gahawa yana zuwa da danshin da ya haura kashi 60, ga sukari, ga zafi. Kwanaki uku na farko su ne masu haɗari: dole shimfiɗar ta zama siririya, kusan ɗa ɗaya ɗa ɗaya, ana juyawa sau da yawa a yini, ana cire kore da wanda ya fashe. Bayan fatar ta yi yaushi ta yi duhu sai a ƙara kauri don bushewar ta tafi a hankali. Mako 2 zuwa 4 ake yi. In an yi daidai, zaƙin tsokar yana ratsa ƙwayar ta fito da ɗanɗanon 'ya'yan itace. In ruwan sama ya taɓa ta ko aka bar ta a tule, sai warin barasa da fumfuna. A da ana ɗaukar duk gahawar da aka shanya haka a matsayin ta ƙasa, daraja ta 4 ko ta 5. Yau ana samun ta daraja ta 1 daga Guji da Sidama da Yirgacefe, har takan fi wankakkiya tsada.

Bayan bushewa akan bar ta ta huta a sito wata ɗaya zuwa biyu, a kan katako, nesa da bango. Sannan a kai ta casa, yawanci a Adis Ababa, a cire kwasfa, a tankaɗe bisa girma, a raba bisa nauyi, a tsince da na'ura da hannu. Buhu kilo 60 ne, kuma mai daraja akan sa mata leda mai hana iska a ciki, domin hanyar fita ta Jibuti ce, inda zafi da laimar teku ke iya lalata aikin wata uku cikin mako biyu na jiran jirgi.

Wani ɗan lissafi zai nuna dalilin da sunan manomi yake ɓacewa. Kilo 5 zuwa 6 na nunannun 'ya'ya ne ke ba da kilo ɗaya na ƙwayar da za a fitar. Kwantena tana ɗaukar buhu 320, wato kilo 19,200, wanda ke buƙatar kimanin tan 96 zuwa 115 na 'ya'ya. A ƙaddara kowane manomi ya kawo kilo 300 a kaka, ana maganar mutum 350 a kwantena guda. Aikin mai kula da na mai ha'inci duk sun haɗu a kwatami ɗaya.

Tsarin kasuwa ya daɗe yana ƙara wa wannan matsala nauyi. A 2008 aka kafa kasuwar hada-hadar amfanin gona ta ƙasa, ECX, aka wajabta wa 'yan kasuwa masu tashoshi su kai kayansu can. Ta kawo tsari da tabbacin biya, amma tana tara gahawa bisa yanki da daraja, ta yadda mai saye ba zai san tashar da ta fito ba. Manyan gonaki da haɗakar ƙungiyoyin gama-kai, irin ta Oromiya da aka kafa a 1999, ta Sidama a 2001 da ta Yirgacefe a 2002, su ne suka ci gaba da fitarwa kai tsaye. Kafin haka ma, a 2006 da 2007, gwamnati ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks na Amurka mai shagunan sayar da gahawa kan mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacefe, aka ƙare da yarjejeniya. Mallakar suna dai abu ne mai kyau, amma ba ta isa ta kai kuɗi aljihun wanda ya tsinka ba. Gyaran dokar 2017 ne ya fi taɓa wannan, domin ya ba tashoshi damar sayarwa kai tsaye ga mai fitarwa, ya kuma ba manomin da ke da hekta 2 zuwa sama damar neman lasisin fitar da kayansa da sunansa. Da aka fara gasar zaɓen gahawa mafi inganci ta Cup of Excellence a ƙasar a 2020, gahawar wani manomin Sidama ta zo ta ɗaya, aka saye ta a gwanjo kan kimanin dala 185 kowace laba.

Kada wannan farashi ya ruɗi kowa: 'yan buhuna ne, kuma yawancin manoma ba su da hekta 2. Ga talakan manomi abin da ya fi muhimmanci shi ne biya na biyu, wato ƙarin kuɗin da ƙungiya ko tasha ke rabawa bayan an sayar da kaya, gwargwadon kilon da kowa ya kawo. Inda ake biyansa da gaske, kuma ake bambanta farashin ja zalla da na gauraye tun a bakin ma'auni, zaɓen 'ya'ya yana gyaruwa da kansa ba tare da wa'azi ba. Inda ƙungiya ba ta samu rancen banki a kan lokaci ba, ba ta da kuɗin saye a tsakiyar girbi, manomanta sai su kai wa ɗan kasuwar da ke biya nan take, kuma da gaskiyarsu.

A gonar kanta, babbar damuwa tsufan bishiyoyi ce. Da yawa sun haura shekara 25 ba a taɓa sabunta su ba, sun yi tsawo, 'ya'yan sun koma can ƙoli kaɗan-kaɗan. Maganin sananne ne: bayan girbi a sare bishiyar a bar kututture mai tsawon santimita 30 zuwa 40, a yi yankan a karkace don ruwa kada ya kwanta a kai, in ta yi toho a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a cire saura. Sai dai shekara biyu za a yi ba a ci komai daga wannan bishiya ba, shi ya sa ake ba da shawarar a riƙa sare kashi ɗaya cikin huɗu na gonar kowace shekara. Dole kuma a tsabtace zarto da wuta ko sinadarin kashe cuta daga bishiya zuwa bishiya, domin cutar da ke busar da gahawa tana bin raunin yanka, kuma wadda ta kamu ba ta da magani sai tugewa da ƙonewa a wurin.

Ɗumamar yanayi tana matsowa daga gindin tsaunuka zuwa sama. Binciken da masanan lambun Kew na Ingila suka yi tare da takwarorinsu na Habasha, wanda aka wallafa a 2017, ya ƙiyasta cewa kashi 39 zuwa 59 cikin 100 na filayen da ake noman gahawa yanzu na iya daina dacewa da ita kafin ƙarshen wannan ƙarni, ko da yake hawa sama kan tsaunuka zai buɗe sababbin filaye. Hawa saman ne ya ci karo da dokar Tarayyar Turai ta 2023, wadda ta hana shigar da gahawar da aka noma a filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage ranar fara aiki da ita, amma sharaɗin yana nan: kowace gona sai an ba da lambobin wurinta na taswira, wadda ta wuce hekta 4 kuma sai an zana iyakarta gaba ɗaya. Ga babbar gona wannan aikin yini ne. Ga tashar da ke karɓar kaya daga mutum 350, yana nufin rajistar kowane manomi da filinsa, rasiti mai suna da nauyi da kwanan wata a kowane awo, da ware zubin kowace rana da lambarsa tun daga kwatami har gadon shanya har buhu, ba tare da an cusa kayan dillalin da ba a san inda ya saro su ba.